Shekarar da Aka Rina Makaranta

Malam Maharazu Jibo ya iso Zuru a ƙarshen daminar 1956, a bayan wata motar ɗaukar gyaɗa, shi da matarsa Tasalla da akwatin littattafai da keken da tayarsa ta fashe tun a hanya. Mutumin Birnin Kabi ne, siriri, mai yawan murmushi. An turo shi ne ya riƙe makarantar kwana ta En'e da ke gindin dutse, wadda ba a daɗe da ɗora mata ajin sakandare na farko ba.

Kafin ya ga makarantar ya ji sunanta. Da suka shigo gari direba ya leƙo ya tambayi inda za a sauke su.

"Makarantar En'e," in ji Malam Maharazu.

"Au, makarantar jan wando," in ji direba, ya ja mota.

Kwana kaɗan suka ishe shi ya gane inda sunan ya samo asali. Dokar makarantar ita ce kowane yaro ya sa farar taguwa da farin gajeren wando na alawayyo. Ƙasar Zuru kuwa ja ce, mai kama tufa kamar da gayya. Yaran nan kullum da la'asar suna gonar makaranta, in sun tashi su faɗa filin ƙwallo. Ko mako ba a yi kayan sun koma kalar tukunyar ƙasa. Duk ranar Litinin da safe ana jera su a duba tsabta, wanda kayansa ba su yi fari ba ya sha bulala. Da yake ba mai farin kaya, kusan kowa sha yake. Saboda haka daga Lahadi da yamma sai ka ga yara suna sulalewa ta bayan dutse, wannan ya nufi ƙauyensu Manga, wancan ya kama hanyar Dirin Daji, ba za a sake ganinsu ba sai an aika ɗan doka. Iyaye kuma suna cewa sun hana kansu mai taya su noma don ya koyi karatu, an mayar musu da shi ɗan wanki.

Mai riƙe da bulalar shi ne Saje Philip, Badakkare, tsohon sojan da ya yi yaƙin Bama, wanda yanzu ke koya wa yara fareti da motsa jiki. Shi ya riƙe makarantar 'yan watanni kafin zuwan sabon hedimasta. Kakinsa kan sha sitaci har ana cewa in ya tuɓe shi, kakin da kansa yake tsayawa a ɗaki. Ba mugu ba ne. In yaro ya kwanta da zazzaɓi, Saje ne ke goya shi zuwa ɗakin shan magani. Shi dai ya yi imani farin kaya shi ke koya wa mutum ladabi.

"Malam, a Bama cikin taɓo muke kwana," ya ce wa hedimasta ranar Litinin ta farko, "amma gari na wayewa maɓallanmu na walƙiya."

"Da sabulun wa kuke wanki, Saje?"

"Na Sarkin Ingila."

"To, su ɗiyan ga da sabulun wa za su yi?"

Saje ya gyara tsayuwa ya ce soja ba ya kawo uzuri. Malam Maharazu ya yi murmushi ya bar zancen.

Ranar Asabar ya bi yaran zuwa rafi. Ya tarar da su sun cika bakin ruwa, kowa na bugun kayansa a kan dutse, wasu da ruwan toka, wasu da ɗan guntun sabulun salo da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu. Shugaban ɗalibai, Sila, wani ƙaton saurayi ɗan Dirin Daji da ya yi suna a kokawa tun kafin ya shiga boko, yana tsaye riƙe da wandonsa yana kallon rana ta cikin hudar da wanki ya yi masa. Da ya hango hedimasta ya ɓoye wandon a baya ya rusuna.

"Kawo in gani," in ji Malam.

Sila ya miƙa, sannan ya ce, "Malam, ba ƙiwuya muke yi ba. Mu wanke, mu shanya, iska ta taso, shi ke nan. Ƙasar ce ba ta son fari."

Malam Maharazu ya dubi gindin tasa rigar. Da safen nan Tasalla ta ba shi ita fes, ga shi daga gida zuwa rafi har ta yi jan baki. Ya ɗaga ya nuna musu.

"Ashe ni ma jibi zan sha bulala," ya ce.

Yaran suka dubi juna, ba su san ko an yarda su yi dariya ba. Wani ƙarami ya fara, sauran suka bi.

Ranar Litinin ba a yi bulala ba. Malam ya ce an dakatar da ita har sai an zauna da iyaye. Saje bai yi gardama a gaban yara ba, amma an kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa shi da Malam, ita ma irin ta soja, hannu a goshi, ido a sama.

An yi zaman ranar kasuwa, a inuwar ɗorawar da ke ƙofar makaranta, don mutanen ƙauye su samu halarta. Malam ya sa aka zo da Sila da wasu manyan ɗalibai su ma su zauna, abin da ba a taɓa yi ba. Ya faɗi matsalar a taƙaice, wani malami ya maimaita da Dakarci, sai magana ta ɓarke. Wani attajirin goro ya ce tun da ana gyara, a mayar da wandon dogo, don shi kunya yake ji ɗansa ya yi sallah gwiwa a waje. Wani tsoho daga Manga ya ce shi bai ga abin wahala ba, da warki ya girma, ya yi shekarun golmo yana noman gonar surukai har ya samu mata, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko warkin ya yi fari. Aka yi dariya. Saje ya miƙe ya ce in dai za a bar fari, to a koma kaki. Malam ya ce ya riga ya tambaya, ma'ajin En'e ba shi da komai sai alawayyo, kuma ba a sa ran wani yadi sai baɗi.

Nan ne Arzika, marinin da ke da karofi a bayan kasuwa, ya yi gyaran murya. Ɗansa na aji biyu.

"Ranka shi daɗe, in hwarin ne matsala, a ba ni in rina. Jar ƙasa ba ta cin baba."

Sai kowa ya fara magana lokaci guda. Iyaye suka ce wannan ita ce shawara. Yaran kuwa tuni fuskokinsu sun nuna. Malam ya juya wajen Saje.

"Soja ba ya sa shuɗi," in ji Saje.

"Sojan ruwa fa?"

"Ban taɓa ɗaukar su soja ba."

Duk da haka aka tsaya a kan rini. Aka kuma yarda wanda ke son dogon wando don sallah ya ajiye nasa a ɗakin kwana. Kafin a watse Malam Maharazu ya ce a haɗa da rigarsa guda da hula, don abin da ya ce yara su sa shi ma shi zai sa. Ya tambayi Saje ko zai kawo tasa. Saje ya ce kakin nan tare suka ƙetare teku, ba zai shiga rijiyar kowa ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne yadda Arzika ya ɗauki aikin. Shi a ganinsa wannan ne aiki mafi daraja da aka taɓa ba shi, kuma ya ji labarin cewa makarantar za ta je wasannin makarantu a Kontagora ƙarshen wata. Ya ce ba zai yi wa 'ya'yan Zuru rinin zanen tsofaffi ba. Ya tsoma, ya shanya, ya sake tsomawa har kayan suka yi duhu. Sannan ya kai wa masu bugu, aka barbaɗa garin shuni aka buge kowace taguwa a kan kututture, irin yadda ake yi wa rawanin manya. Aikin ya ci lokaci, sai ana gobe tafiya ya iso da kayan a kan jakuna.

Da aka kwance ƙullin, yaran suka yi cirko-cirko. Kayan na sheƙi kamar wuyan tattabara. Ko Saje ya ɗaga taguwa guda ya juya ta a rana ya ce ba laifi. Tasalla ce kaɗai da ta ga rigar mijinta ta shafa ta dubi yatsunta.

"Malam, ba a ɗauraye ta ba tukuna?"

"A ɗauraye wanga sheƙi? Bari mu dawo."

Washegari suka hau motar En'e da sassafe, yara na waƙa, Saje na gaba kusa da direba don kada ƙura ta taɓa shi. Sun isa filin wasa hantsi ya ɗaga. Sauran makarantun lardi duk sun jeru cikin fararen kaya. Da 'yan Zuru suka shigo a jere, Saje na ba da umarni da muryar da ake ji har bakin kasuwa, mutane suka miƙe tsaye suna nuna su. Ba a taɓa ganin 'yan makaranta haka ba. Malam Maharazu na tafe a gefensu cikin shuɗiyar rigarsa, zuciyarsa fari ƙal.

Sai rana ta take. Aka bar yara a tsaye ana jiran manyan baƙi, aka yi jawabi, aka yi fareti. Gumi ya fara tsattsafowa. Wani yaro ya share goshi da hannun taguwa, goshin ya yi shuɗi. Na kusa da shi ya nuna shi yana dariya, da hannun da shi ma ya rine har gwiwa. Kafin a gama zagaye na biyu, wuya da ƙirji da cinyoyin duk 'yan Zuru sun koma kalar kayansu, wasu har gumin na gangarowa layi-layi zuwa idon sawu. Dariya ta faro daga layin wata makaranta, ta bi fili har ta kai rumfar baƙi. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya ce da can jan wando, yau kuma ga 'yan shuni.

Saje ya kai su ƙarshen fili ya tsayar da su. Ya zo wajen hedimasta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Malam, mu janye. Mu kai su bayan mota. An gama da mu."

Malam Maharazu ya dubi yaran. Kawunansu duk a ƙasa, ƙananan idanunsu sun kawo ruwa. Ya dubi tafin hannunsa, ya shafa wuyansa, ya ga abin da ya fito. Ya je ya tsaya a gabansu, ya cire hula. Hular ta bar masa zobe shuɗi kewaye da kai, kamar an ɗora masa murfin tukunya.

"Ku ɗago ku dube ni," ya ce.

Suka ɗago. Sila ya cije leɓe, ya yi ƙoƙari, abin ya fi ƙarfinsa. Dariya ta ƙwace masa, ta kama sauran, har wasu suka durƙusa.

"Madalla," in ji Malam. "Abin dariya ne, kuma laifina ne, ni na hana a ɗauraye. Ku yi taku ku gama, kada ku bar wa baƙi ita su kaɗai. In kun gama, ba kallon kaya muka zo ba. Sila, mi ke gaba?"

"Tsere, Malam. Sannan jan igiya da kokawa."

"To, a tafi."

Tseren bai yi musu kyau ba. A gajeren gudu sun zo can baya, a na miƙa sanda kuma sandar ta suɓuce daga hannun wani saboda santsin gumi. Aka ƙara yi musu dariya, su ma suka taya. Amma da aka zo jan igiya labari ya sauya. Waɗannan yara ne da suka tashi da garma a hannu, kuma shekara guda Saje na koya musu yadda ake kafa diddige a ja tare da numfashi ɗaya. Saje da ke tsaye nesa, hannu a baya, ya ga sun kama igiya ba daidai ba. Bai san sanda ya matso ba. Ya gyara wa na gaba tsayuwa, ya koma gefe ya fara ba da kira. Makarantar farko ta biyo su kamar an jawo akuya. Ta biyu ta ɗan yi taurin kai, ita ma ta zo. Igiyar kanta ɓangaren Zuru ya koma shuɗi, duk wanda ya kama ta bayansu sai ya tashi da rabonsa.

A kokawa Sila ya haɗu da wani dogo da ake ji da shi. Suka daɗe suna zagaya juna, sannan Sila ya shige shi ya ɗaga ya ajiye a hankali. Da dogon ya miƙe, farar taguwarsa ɗauke take da shatin tafukan hannu biyu a baya, sarai kamar an buga hatimi. Fili ya ɗauka, "'Yan shuni, 'yan shuni," amma yanzu da tafi ake faɗa.

Karon ƙarshe na jan igiya shi ya fi tsawo. Ƙyallen da ke tsakiyar igiya ya je ya dawo, ya je ya dawo. Muryar Saje ta dishe, ya bar Turancin fareti ya koma Dakarci. Da ƙyallen ya ƙetare layi yaran suka saki igiya suka yo kansa. Kafin ya ce wani abu sun ɗaga shi sama, wannan ya riƙe ƙafa, wancan ya rungume kafaɗa. Da suka sauke shi, kakin da ya ƙetare teku ba wurin da ba yatsu. Yaran suka ga abin da suka yi, suka ja da baya. Saje ya dubi ƙirjinsa, ya dubi hannun riga.

"Ku jeru," ya ce. "Za a ba da kofi, kuna tsaye kamar 'yan kasuwa."

Baturen ilimi na lardi ne ya miƙa kofin. Ya gaisa da Malam Maharazu, ya dubi tafinsa, ya ciro hankici ya goge, hankicin ma ya tafi. Cikin Hausarsa ta hanci ya tambayi wa ya ba da izinin sauya kayan makaranta. Malam ya ce iyaye da ɗalibai da malamai ne suka zauna suka yanke, shi ya sa hannu, kuma tun da aka bar bulalar Litinin ba yaron da aka aika ɗan doka ya kamo. Baturen ya juya wajen Saje ya tambaye shi ko haka ne.

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Saje. "Sai dai a wanke kayan."

Baturen ya ce to a wanke, kuma a rubuto masa a takarda yadda aka yi, don akwai wasu makarantun masu jar ƙasa.

Labari ya riga su isa gida. Arzika ya zo gidan hedimasta washegari, hula a hannu, yana neman gafara, wai ya so ya fitar da yara kunya ne ya jefa su ciki. Malam ya zaunar da shi, Tasalla ta kawo fura, ta kuma fito da matashin kan mijinta ta nuna masa abin da dare ɗaya ya yi masa. Arzika ya rufe fuska, su kuwa suna ta dariya. Malam ya ce masa rini ya yi, bugun ne za a bari, kuma daga yau duk sabon ɗalibi kayansa karofin Arzika za su fara zuwa.

Ranar Asabar aka kwashi kayan zuwa rafi. Ruwan ya yi shuɗi har matan da ke wanki a ƙasa suka aiko da ƙara, Malam ya je da kansa ya ba su haƙuri, ya mayar da wankin makaranta can ƙasa da su. Bayan ɗauraya kaɗan sheƙin ya tafi, kalar ta zauna, shuɗi mai sanyi wanda ba ya bin jiki. Yara su yi noma, su yi ƙwallo, su kaɗe, su shiga aji. Asabar ɗin da a da ake ƙarewa a bakin dutse sai ta koma rabi wanki, rabi karatu a inuwa. Duba tsabtar Litinin kuwa Saje ya ci gaba da yi, sai dai yanzu farce da haƙora da kunne yake dubawa, wanda ya gaza ya ɗebo ruwan kicin.

Bayan Uhola, bikin kaka na mutanen ƙasar, da aka buɗe ɗaukar sababbi, mutane suka zo daga Kanya da Manga da ƙauyukan bayan dutse, kowa riƙe da hannun yaro. Tsohon nan mai zancen warki ya kawo jikansa, ya ce a koya masa boko amma kada a bari ya manta kokawa. Ɗakuna suka kasa, En'e ta yarda a ƙara aji guda, iyaye suka ɗauki alkawarin tubali.

Ranar da aka zo auna filin, Malam na riƙe da bakin igiya, Saje na ɗaya bakin, suka shiga wata sabuwar gardamar. Saje ya ce lokaci ya yi da yara za su sa takalmi, don ƙaya da kunama na cinye masa 'yan fareti. Malam ya ce iyaye ba za su iya ba, kada a mayar da makaranta ta masu hali. Saje ya ce ba na kanti yake nufi ba, akwai tsofaffin tayoyi jibge a garejin En'e, kuma ya san baduku a Rikoto da zai yanka su. Malam ya ce zai yi tunani. Saje ya ce ya riga ya yi wa badukun magana, gobe zai zo auna ƙafafu.

Malam Maharazu ya dube shi, ya girgiza kai, ya ce to a fara da 'yan aji ɗaya, su ne ƙafarsu ba ta yi kanta ba tukuna. Sannan ya ce wa Saje ya ja igiyar ta miƙe, magina na jira.